Yaya ake hasashen lanƙwashewar ƙarfen da aka buga da leza?

Ɗalibin injiniya:
Assalamu alaikum. Ina kwaikwayon bugun ƙarfe a kwamfuta, irin wanda leza ke narka garin ƙarfe shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace kaurinta mikromita 40. Na sa manhajar ta bi sawun leza daki-daki, amma kwana biyu ke nan tana aiki ba ta gama shimfiɗa goma ba, alhali kayan nawa ya haura shimfiɗa dubu. Ta yaya zan san inda zai lanƙwashe idan aka yanko shi daga farantin da aka buga shi a kai?

Malamin walda:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bin sawun leza a kan kaya sukutum ba zai kai ka ko'ina ba. Masu binciken walda a Japan sun daɗe da samo mafita: ana auna yawan tsukewar da ƙarfe ke yi bayan ya narke ya daskare, sannan a ɗora wannan adadi a kan shimfiɗu masu yawa a dunƙule, ba tare da lissafin zafi a kowane taki ba. Manhajojin Simufact Additive da Ansys Additive duk suna da wannan hanya, kuma aikin kwanaki yakan koma na sa'o'i. Sharaɗin shi ne ka buga ɗan gwaji a injin da za ka yi amfani da shi, ka yanke ƙafafunsa, ka auna yadda bakinsa ya ɗago, domin da wannan awon ake daidaita lissafin.

Mai binciken narkewa:
Malam ya yi gaskiya, sai dai wannan hanya ba za ta nuna maka ramukan da ke ɓoye a cikin ƙarfen ba. Idan ƙarfin leza ya yi yawa, tururin ƙarfe yakan haƙa rami mai zurfi a cikin narkakken wurin, bakinsa ya rufe, kumfa ta maƙale a ƙasa. Wannan sai da lissafin gudanar ruwan ƙarfe, kuma a kan layi ɗaya ko biyu kawai ake yin sa saboda tsadarsa.

Ɗalibin injiniya:
Na gode ƙwarai. Matsalar ita ce ba mu da injin da zan buga gwaji.

Malamin walda:
To, nemi sakamakon AM-Bench na 2018, wato jerin gwaje-gwajen bugun ƙarfe da NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka, ta shirya. Sun buga wata 'yar gada da Inconel 625, wani gaurayen ƙarfe mai yawan nikel, suka yanke ƙafafunta, suka wallafa awon ɗagowarta a fili. Fara gwada lissafinka da ita kafin ka koma kan kayanka.