Na zana musu logo kyauta, sun ce wai in cire keken guragu

Mai Zane: Salamu alaikum jama'a. Yau kam raina a ɓace yake, bari in amayar da abin da ke cikina ko na samu sauƙi. Wasu masu cutar MS ne, wato multiple sclerosis, suke haɗa ɗan littafi na taimakon kai da kai, yadda mutum zai lallaɓa gajiya da motsa jiki da shan magani kan lokaci da sauransu, sai aka ce ana neman mai zana musu logo. Na ce ni zan yi, ko sisi bana so, saboda Allah. Na hana idona barci na zana mutum yana miƙewa daga kan keken guragu hannuwansa sama, ga ribon ruwan lemo ya zagaye shi, ga suna a ƙasa da siririn rubutu mai kyau shima ruwan lemo. Kawai kwamitinsu suka dawo min da shi wai in cire keken, wai kuma rubutun baya karantuwa. To ni tambayata, in ka cire keke ta yaya wanda ya gani zai san abin na nakasassu ne? Logo ai kallo ɗaya ake masa a gane. Masu sana'a ku faɗi tsakaninku da Allah.

Ɗan Auta: Yaya kayi haƙuri, mutanen yanzu basu da godiya. Ko ban ga logon ba na san hannunka, ba'a taɓa dawo maka da aiki ba.

Maman Biyu: Malam su waye nakasassun?

Mai Zane: Hajiya ban zagi kowa ba fa, masu ciwon nake nufi.

Maman Biyu: To ga ɗaya daga cikinsu tana maka magana. Ina ɗauke da ciwon nan, kuma da ƙafata nake zuwa aiki in dawo in yi hidimar yara, in ka ganni a hanya ba zaka ce akwai abinda ke damuna ba. Abinda ke cina gajiya ce irin wadda barci baya maganinta, da ƙafa da take mutuwa kamar ba tawa ba, wani lokacin ido ɗaya ya yi hazo. Ranar da likita ya faɗa min sunan ciwon abu na farko da na gani a waya hoton keke ne, na kwana ina kuka na ɗauka tawa ta ƙare. Yanzu kai kuma kana so yarinyar da aka gaya wa jiya ta buɗe littafin da aka ce zai taimake ta, abu na farko da zata gani keke. Haba Malam.

Hajiya Babba: Allah ya baki lafiya 'yata, ya sa kaffara ne. Amma ni abinda ya ɗaure min kai, ai masu sikila ja na sani suna sawa, me ya kawo ruwan lemo kuma?

Malam Nas: Hajiya ba sikila bace, ko kusa. Sikila ciwon jini ne da ake gado daga uwa da uba. MS kuwa garkuwar jiki ce take juyowa ta afka wa rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar dai wayar lantarki da robarta ta zazzage, saƙo sai ya riƙa tafiya da ƙyar ko ya yanke a hanya. Shi yasa wani idonsa ne, wani ƙafa, wani mafitsara, wani mantuwa. Wani likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fara fayyace ta a 1868. Ƙididdigar da tarayyar ƙungiyoyin MS ta duniya ta fitar a 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke da ita, mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 40 ake gano ta. Kusan kashi 85 cikin 100 da farko tana zuwa ne ta lafa, ta sake zuwa. Ruwan lemo kam Mai Zane bai yi kuskure ba, shine launin da aka fi saninta da shi, kuma 30 ga Mayu ce ranarta ta duniya.

Mai Zane: Yauwa Malam Nas, Allah ya biya. Kun ji dai daga bakin ma'aikacin lafiya, ban yi kuskure ba.

Malam Nas: A kan launi na ce fa.

Mai Keke: Ni na daɗe ina karantawa ban so in saka baki ba amma abin ya ishe ni. Maman Biyu, da girmanki, yadda kika zabura da kalmar nan kamar an watsa miki wuta, mu da muke kan keken me kike so mu ji? Nakasa zagi ce? Ni hatsarin mota ne ya zaunar dani, ina sana'ata ina ciyar da iyalina, keken nan shine ƙafata. Kullum haka ake mana, kowa na cewa "ni dai ba nakasasshe bane" kamar mu wani abin gudu ne.

Maman Biyu: Yaya wallahi ba haka nake nufi ba, Allah ya sani. Akwai masu MS da suke kan keke kuma 'yan uwana ne. Cewa nayi ba dukkanmu bane, mafi yawanmu ma muna tafiya, wasu da sanda wasu ba sanda.

Mai Keke: Kin ce kin kwana kina kuka don kin ga hoton keke. Da bakinki kika faɗa.

Maman Biyu: Eh na faɗa, tsoro ne na mutumin da bai san komai ba a lokacin. Laifi ne in faɗi abinda ya same ni?

Anti Malama: Duk wannan da ba'a zo nan ba da Mai Zane ya ce masu buƙata ta musamman. Yanzu ba'a cewa nakasassu, an daina.

Mai Keke: Anti waye ya daina? Mu dai ba'a tambaye mu ba. Buƙatata ba ta musamman bace, ƙofa nake so in shiga kamar kowa, a bar min matattakala a yi min gangara shikenan. Ku masu ƙafa ku ne kuke canza mana suna duk shekara don ku ji daɗin bakinku.

Anti Malama: Ikon Allah, daga gyara sai ya zama laifi. To na janye, ku kira kanku abinda kuka ga dama.

Ɗan Auta: Ni dai abinda na sani mutum yayi aiki kyauta an watsa masa ƙasa a ido. Wanda aka ba kyauta baya zaɓe.

Oga Firinta: Ƙanena yi shiru, kai ba'a zane kake ba. Kyauta ko ba kyauta ba, in aiki bai yi ba bai yi ba. Ni ku bar ma maganar keke, kowa ya tsallake abu na biyu da kwamitin suka faɗa. Siririn rubutu ruwan lemo a kan farar takarda, wannan ko mai lafiyar ido sai ya matse ido, balle mutanen da ciwon yake taɓa musu jijiyar gani. Akwai ƙa'idar da masu tsara shafukan intanet ke bi, WCAG, ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa ya kai 4.5 a kan 1, babban rubutu 3 a kan 1. Lemo mai haske a kan fari baya kaiwa, ka auna da kanka ka gani. Ka bar lemon a jikin alamar, sunan ka yi shi baƙi ko shuɗi mai duhu da harafi mai kauri. Sannan mutum da keke da ribon da rubutu duk a logo ɗaya, in aka ƙanƙance shi ya koma hoton furofayil ko aka buga shi baƙi da fari a fotokwafi me zai rage? Dunƙulen tawada kawai.

Malam Nas: Wannan gaskiya ne Oga. Kumburin jijiyar ido na cikin alamomin farko da ake yawan gani, launi ma yakan koɗe wa mutum musamman ja, ya ganshi kamar an wanke.

Mai Zane: Oga da girmanka, kai bugawa kake ba zanawa ba. Kowa ya tsaya a layinsa.

Oga Firinta: Ni nake karɓar kukan kwastoma in aikinku ya fito a dagule, don haka layina ne. Da wace manhaja ma ka yi shi?

Mai Zane: Canva.

Oga Firinta: Shikenan na gane.

Ɗan Auta: Me ka gane? Canva ɗin ba mutane ne suka yi ta ba? Ku tsofaffi kun maƙale wa CorelDraw kamar gado.

Oga Firinta: Yaro, ranar da aka ce a buga logon a babban allo ya farfashe ya zama ɗigo ɗigo zaka san dalilin da yasa ake neman fayil ɗin bekta, irin wanda ko an ƙara masa girma baya farfashewa. Kuma wannan mutum mai ɗaga hannu da yake faɗa na rantse daga cikin hotunan da ke manhajar ya ɗauko, irinsa yana jikin logo dubu.

Mai Zane: Kazafi ne wannan, ka gani da idonka? Ban yafe ba.

Hajiya Babba: Kai yara ku ji tsoron Allah, daga maganar marasa lafiya kun koma faɗan kwamfuta.

'Yar Fulawa: Ni da za'a bi shawarata a saka malam-buɗe-littafi kawai, ruwan lemo, yayi kyau kuma babu wanda zai ji haushi. Naga masu MS da yawa suna sa shi.

Maman Biyu: Ƙanwata masu lupus ma shi suke sawa, masu ciwon maƙoƙo ma haka. Sai a rasa na waye.

'Yar Fulawa: To ai ba rajista suka yi masa ba Anti.

Mai Keke: Kun ga abinda nake faɗa ko. An gwammace ƙwaro a kan keke.

Malam Nas: Yaya Mai Keke ni ina ganin ba ƙin keke ake ba. Alamar keken da muke gani a ƙofofi da wajen ajiye mota wata ɗaliba 'yar Denmark ce Susanne Koefoed ta zana a 1968, da farko ma babu kai a jiki daga baya aka ƙara. Aikinta ta nuna cewa nan mai keke zai iya shiga, ba'a yi ta don ta zama tambarin wata cuta ba. Ni abinda ma yafi damuna a zanen shine miƙewar. Har yau MS bata da maganin warkewa, akwai dai magungunan da suke rage yawan tashinta da saurin ci gabanta, na farkonsu a 1993 aka amince da shi a Amurka. In ka zana mutum ya yar da keke ya miƙe, ka yi wa mai karatu alƙawarin da littafin ba zai cika ba.

Mai Keke: To wannan kam na yarda, nima na tsani hoton nan na miƙewa, kamar sai ka tashi tsaye sannan ka zama mutum. Amma Maman Biyu har yanzu bata janye maganarta ba.

Maman Biyu: Wace maganar zan janye Yaya? Tambaya nayi, su waye nakasassun.

Mai Keke: Yanayin tambayar ai shine maganar.

Mai Zane: Ni yanzu an bar ni a tsaye, ba wanda ya amsa min. In babu keke me zan saka?

Maman Biyu: Ka tambayi masu ciwon kafin ka fara? Ko mutum ɗaya?

Ɗan Auta: Mai zane baya neman izini Hajiya, baiwa ce.

Admin: To jama'a ya isa haka, dare yayi, bari in taƙaita yadda na fahimta a matsayina na wanda shima ya daɗe a harkar zane. Na farko kowa ya yarda Mai Zane ya dace a launi, ma'aikacin lafiya ma ya tabbatar. Na biyu kalmar nakasassu ba zagi bace tunda ga wanda abin ya shafa da kansa ya faɗa, saboda haka wanda ya ji haushi shi ya so. Na uku maganar keke ra'ayi ne, wasu na so wasu basa so, ba'a samu matsaya ba. Batun rubutu ƙaramin gyara ne na minti biyar da bai kai a dawo wa mutum da aiki ba, kuma Oga Firinta ya kamata ya nemi afuwa kan zargin da yayi babu hujja. Babban abinda muka koya shine 'yan uwa masu zane mu daina aikin kyauta, duk abinda ba'a biya ba ba'a ganin darajarsa. Mai Zane kayi haƙuri, ka riƙe logonka, wasu zasu nema.

Malam Nas: Admin maganar miƙewa daga keke fa? Ni da Mai Keke duk mun ce bata yi ba, ban ganta a taƙaitawar ba.

Maman Biyu: Ni ma da nake da ciwon ban ga inda aka saka tawa ba.

Oga Firinta: Zan nemi afuwa in ya turo fayil ɗin mu gani.

Admin: An rufe wannan maganar, duk wanda ya ƙara zan cire shi.