Abin da masu babur suka yi ittifaƙi a kai game da sarƙa

Mafi yawan masu babur da suka tofa albarkacin bakinsu a kan yadda ake kula da sarƙar babur sun amince cewa idan sarƙa ta gaji, to a canza ta tare da sifoket na gaba da na baya, wato ƙarafan nan masu haƙora da sarƙar take hawa kansu, domin haƙoran da suka riga suka cinye za su lalata sabuwar sarƙa cikin ɗan lokaci. Hanyar gane gajiyarta ita ce a ja ta daga bayan sifoket na baya. Idan ta ɗago har rabin haƙori ya bayyana, ta gama aiki, kuma cire mata gaɓa ba magani ba ne.

Wajen saye, a bi lambar da kamfani ya rubuta, kamar 428 ko 520. Sarƙa mai zoben roba tana riƙe maiƙo a cikinta, saboda haka ta fi daɗewa, amma a wanke ta da kananzir, domin fetur yana lalata robar.

An fi jan kunne a kan ɗaurewa fiye da kima, wadda take cin beyarin. A bar mata sassaucin da littafin babur ya ƙayyade, sannan rufaffen bakin makullin gaɓa, wato ɗan ƙarfen da ke kulle gaɓar da ta haɗa bakunan sarƙar biyu, ya fuskanci inda sarƙar take tafiya.