Haɗa guntayen fim yana ɓata hoto, ko kuwa laifin manhaja ne?

Sani Mai Tura Fim: Ni dai maganata ɗaya ce: duk fim ɗin da aka raba gida-gida, ka zo ka haɗa shi, sai hotonsa ya ragu. Musamman irin waɗanda masoyan fim ke gyarawa da kansu. Ga The Hobbit, Peter Jackson ya fitar da shi kashi uku daga 2012 zuwa 2014, kusan awa 8, wasu suka datse shi ya koma wajen awa 4. Yakan zo guntu-guntu, kana haɗawa duhun cikin kogo ya koma dabbare-dabbare. Shi ya sa nake ce wa kwastoma ya kalla a rarrabe.

Bilkisu: Yaya Sani, da me kake haɗawa?

Sani Mai Tura Fim: CapCut, wani lokacin KineMaster.

Injiniya Aminu: To a nan gizo ke saƙar. Waɗannan manhajoji na tace bidiyo ne. In ka jera musu guntaye ka danna fitarwa, sai su warware hoton gaba ɗaya su sake matse shi sabo. Kowace matsewa tana zubar da wani abu, kuma wurin duhu ne ke fara nunawa. Kamar ka yi fotokwafin fotokwafi ne. Haɗawar ba ta taɓa hoton ba, sake matsewar ce ta ɓata shi.

Nura: Injiniya, to wace haɗawa ce babu matsewa?

Injiniya Aminu: Sai ka fara duba wane irin rabo aka yi, don iri uku ne kuma mutane na cakuɗa su. Akwai mai ƙarewa da .001, .002, .003. Wannan fayil ɗaya ne aka yanka ba tare da duba abin da ke ciki ba. Ka tara su a folda ɗaya, kada ka canja musu suna, ka buɗe na farko da 7-Zip, zai mayar maka da ainihin fayil ɗin, ko digo bai ragu ba. Akwai part1.rar, part2.rar, shi ma na farkon kawai za ka warware, sauran su biyo, a waya ZArchiver yana yi. Na ukun shi ne wanda kowane guntu cikakken bidiyo ne, kamar CD1 da CD2. Shi ne kaɗai ke buƙatar ɗinki, kuma MKVToolNix ko LosslessCut suna ɗinke shi cikin 'yan mintuna ba tare da sun sake matsa komai ba.

Nura: Ban yarda da na farkon ba. Na sha buɗe .001 a VLC ya yi, hoto da sauti lafiya lau. Ke nan shi ma bidiyo ne mai zaman kansa.

Injiniya Aminu: Gwada .002 ka dawo mu yi magana. Bayanin da ke gaya wa filaya irin hoton da irin sautin yana farkon fayil ɗin MKV, shi ya sa na farko ke buɗewa ya tsaya a hanya. Na biyun ba shi da kai. A MP4 ma abin ya fi muni, don wani lokacin bayanin yana can ƙarshe, ko na farkon ba zai motsa ba sai an haɗa.

Malam Habu: Yaran yanzu kun huta. Mu da muka yi zamanin faifan CD, megabayit 700 ne iyakarsa, fim ɗin Indiya sai faifai biyu ko uku, ana tsaka da faɗa sai a tashi a canja. Amma ni tambayata, yanzu da ake da memori manya, me ya sa har yau ake yanka fayil?

Bilkisu: Baba Habu, iyaka ce ta hanya. WhatsApp gigabayit 2 yake ɗauka, Telegram ma haka sai mai biyan kuɗi da ke samun 4. Sannan filasha ko memorin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4, ko da akwai fili da yawa a cikinsa. Memori mai gigabayit 32 zuwa ƙasa yawanci a haka yake zuwa. Sai an mayar da shi exFAT, kuma tsofaffin talabijin da yawa ba sa karanta exFAT.

Sani Mai Tura Fim: Duk na ji, amma ku kuna magana ne a gaban kwamfuta. Na taɓa ganin an ɗinke da MKVToolNix ɗin, rabin farko daidai, rabin na biyu baki na motsi magana na zuwa daga baya. Wannan ba ɓaci ba ne?

Injiniya Aminu: Wannan kam kana da gaskiya a kai, yana faruwa. Ɗinki ba tare da matsewa ba yana son guntayen su zama iri ɗaya: girman hoto ɗaya, saurin firam ɗaya, nau'in sauti ɗaya. In ka ɗauko kashi na farko daga mutum ɗaya, na biyu daga wani, ɗaya an matse shi da tsarin H.264 ɗaya da H.265, ba za su haɗu ba sai an sake matsa ɗaya. Amma ka ce "duk", ni kuma a kan "duk" ɗin nan nake ja.

Sani Mai Tura Fim: Rabin abin da ke zuwa hannuna haka yake, haɗin gambiza.

Bilkisu: Kuma wasu tun kafin su iso gare ka an gama da su. Wanda ya tura fim a WhatsApp a matsayin bidiyo, manhajar ta riga ta matse shi. Sai an tura shi a matsayin dokimen yake isowa yadda yake. Xender ba ya rage komai.

Nura: Ni matsalata ma ba hoto ba ce. Na haɗa lafiya, MX Player ya ce EAC3 ba ya yi, fim ya koma na kurame.

Bilkisu: Fayil ɗinka ƙalau yake. Rigimar lasisi ce ta sa suka cire wannan nau'in sautin. Buɗe shi a VLC.

Malam Habu: Sani, bari in taɓo inda ba a taɓa ba. Masoyan da ke datse fim irin The Hobbit ɗin nan, ƙa'idar da suka ɗora wa kansu ita ce ba a sayarwa, kuma mai kallo ya kasance yana da fim ɗin na asali. Kai kuma kuɗi kake karɓa. 'Yan fim ɗin Kano sun daɗe suna kuka da wannan sana'ar taku.

Sani Mai Tura Fim: Malam, kuɗin data da man janareta nake karɓa, ba kuɗin fim ba.

Malam Habu: Haka kowa ke cewa.

Sani Mai Tura Fim: Wannan wata muhawarar ce daban. Injiniya, gobe ka biyo ta shago da kwamfutarka. Ina da mai guntu huɗu, mu ɗinke ɗaya da naka, ɗaya da nawa, mu saka a talabijin ɗaya. Nura ne alƙali.

Nura: Sharaɗina, kada a gaya min wanne ne na wa sai na zaɓa.