Kwikwiyonmu yana fitsari a cikin ɗaki, yaya za a koya masa wuri guda?

Maman Yara, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin karnuka. Ƙanen maigidana da ke kasuwanci a Kwatano ya kawo mana wani farin kwikwiyo mai yawan gashi, irin ƙananan nan da ake kira bishon, waɗanda ko sun girma ba sa yin babban jiki. Watansa 3 da haihuwa. Mun karɓe shi ne saboda yana da kunne, ko motsi kaɗan aka yi a ƙofar gida sai ya yi haushi, amma ya hana mu sakat da fitsari da kashi a falo da ƙarƙashin gado, har ma kusa da inda surukata take shimfiɗa sallayarta. Yara sun sha korarsa da takalmi, shi ya sa yanzu ya daina yi a gabanmu, sai dai ya laɓe a bayan kujera, mu kuma wari ne yake sanar da mu. Surukata ta ce a rabu da shi, ni kuwa ba na son a jefar da shi a titi. Shin ana iya horar da shi, kuma abin yakan ɗauki wata nawa?

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Ali Ɗan Sofo:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ana iya horar da shi, kuma abin da yake yi ba taurin kai ba ne. Masu kiwon karnuka suna ƙiyasta cewa kwikwiyo yana iya riƙe fitsari kimanin awa 1 a kan kowane wata 1 da ya yi a duniya, wato naku ba zai wuce awa 3 ba, kuma tunda shi ƙaramin iri ne mai ƙaramar mafitsara, ya fi kyau a fitar da shi duk bayan awa 2 da rana.

Ki zaɓi kusurwa guda a tsakar gida mai inuwa, nesa da madafa da randar ruwa, a zuba rairayi a wurin. A kai shi can da zarar ya farka daga barci, da bayan ya gama wasa, da kuma cikin minti 10 zuwa 20 bayan ya ci abinci, domin a waɗannan lokutan ne cikinsa yake motsawa. Wanda ya kai shi ya tsaya shiru, kada ya yi masa wasa, ya riƙa maimaita kalma ɗaya tak da kowa a gidan ya amince da ita. Da ya gama, nan take a yaba masa da murya mai daɗi, a ba shi ɗan guntun dafaffen nama wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Idan aka bari sai an dawo ɗaki kafin a ba shi, zai ɗauka ladan na dawowa ɗaki ne.

Abincinsa ya zama a lokaci tsayayye, sau 3 ko 4 a yini, a ɗauke kwanon bayan minti 15. Ƙananan kwikwiyoyi ba sa jure doguwar yunwa, sukarin jininsu yakan yi ƙasa har su kasa tsayuwa, saboda haka kada a rage masa abinci da nufin rage kashi.

Batun duka kuma, ki hana yara gaba ɗaya. Kare ba ya haɗa hukunci da abin da ya aikata minti 5 da suka wuce, abin da ya koya daga takalmin shi ne yin fitsari a gaban mutum haɗari ne, kuma wannan tsoron ne zai sa ya ƙi yi a gabanki ko da kin kai shi kan rairayin. Idan kin gan shi yana shinshina ƙasa yana kewaye wuri guda, ki ɗauke shi cak ki kai shi waje ba tare da tsawa ba. Yawanci horon yakan kankama cikin wata 4 zuwa 6, amma ƙananan iri sukan kai kusan shekara.

Baba Alhaji, Mokoyo:

'Yata, surukarki tana da gaskiya a kan damuwarta, kada ki ɗauki maganarta da wasa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne, kuma kwanon da ya sha ruwa a ciki ana wanke shi sau 7. An yi izinin ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da dama kuma sun haɗa gadin gida a ciki idan akwai bukata. A ganina maganar ba ta da tsawo: tunda don gadi aka karɓe shi, a yi masa rumfa a tsakar gida, kada ya sake taka cikin ɗakuna. Duk sallaya ko tabarmar da ya ɓata a wanke ta da ruwa har launi da wari su gushe.

Uwargida Mai Ɗinki, Sabon Gari:

Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda a raba shi da ɗakunan kwana da wurin salla, amma ina roƙon a duba zafin garin nan kafin a bar shi a waje yini guda. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Maradi, kare kuma ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, ga shi wannan mai gashi ne. Rairayin da rana ta dake shi yana ƙona tafin ƙafarsa, idan ya ƙone sau ɗaya kuwa ba zai yarda ya koma wurin ba. Ni a baranda na ajiye tawa karyar, cikin keji mai iska wanda ya ishe ta tsayuwa da juyawa da kwanciya kawai. Kare ba ya son ɓata makwancinsa, amma idan kejin ya yi faɗi sosai sai ya kwanta a gefe guda ya yi fitsari a ɗaya gefen. Kejin na barci ne da lokacin da babu mai sa masa ido, bai kamata ya wuni a kulle ba.

Maman Yara, ki kula da wankin wurin da ya ɓata, domin hancinsa yana jin abin da naki ba ya ji, kuma warin ne yake mayar da shi bayan kujerar. Ki tsane fitsarin da tsumma, ki wanke da ruwa da sabulu, sannan ki shafa ruwan khal, wato binega mai tsami, da aka haɗa da ruwa rabi da rabi. Kada ki zuba ruwan Javel, wato bilicin wanki, kai tsaye a kan fitsari, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai cutar da ido da ƙirji. Tsumman farko da kika tsane da shi kuwa ki binne shi sama-sama a cikin rairayin, warin zai nuna masa inda ake so. Da dare ki fitar da shi bayan isha'i, sau ɗaya a tsakar dare, sannan da asuba kafin komai. Ruwan sha kuma kada a hana shi a lokacin zafi.

Maman Yara, unguwar Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa surukata amsar Baba Alhaji, ta amince ya zauna a baranda. Yara suna son su riƙa fita da shi bakin titi da yamma don ya yi a can, ko hakan ya dace?

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Ali Ɗan Sofo:

Hajiya, a dakata tukuna. Akwai cutar parvo mai haddasa amai da zawo da jini, wadda ake ɗauka daga kashin wasu karnuka, kuma ƙwayarta takan daɗe watanni a cikin ƙasa. Ana fara rigakafinta daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har kwikwiyo ya kai mako 16, allurar ciwon haukan kare kuma ana yin ta daga wata 3. Ki tambayi ƙanen maigidanki ko an ba shi katin rigakafi, ki tafi da kwikwiyon wurin likitan dabbobi a duba shi, a ba shi maganin tsutsar ciki. Idan kin lura yana tsugunawa akai-akai yana ɗigar da fitsari kaɗan-kaɗan, ko yana kuka lokacin yi, ko akwai jini a ciki, ki gaya wa likitan a ranar, domin ciwon mafitsara yana hana kwikwiyo riƙe fitsari komai kyawun horon da ake ba shi.