Samsung ko Crucial: wane SSD zan sa wa kwamfutata?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon gyaran hotuna da buga takardu a Aboabo, nan Kumasi. Kwamfutar aikina tsohuwa ce, SSD (ma'ajiyar fayiloli) mai tsohon mahaɗin SATA kawai take karɓa, ba ta da gurbin sabon nau'in da ake kira NVMe. Bara na sayi wani SSD mai araha a Adum, bai kai wata takwas ba ya mutu da hotunan bikin mutane a ciki. Wallahi har yau ina jin nauyin haɗa ido da uwar amaryar.

Yanzu na tsaya tsakanin Samsung 870 EVO da Crucial BX500, kuma na kasa yanke shawara. Wajen gudu kusan ɗaya suke, ba su wuce 560 MB a daƙiƙa ba. Sai dai na Samsung yana da DRAM (ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke taimaka masa wajen saurin aiki) da garantin shekara 5, BX500 kuwa babu DRAM, garantinsa shekara 3, amma ya fi sauƙin kuɗi. Ni da nake kwafar manyan fayiloli kullum, DRAM ɗin nan ya cancanci ƙarin sidin da zan biya?

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Na san manhajar Samsung Magician tana tantance na gaskiya, to mai shago zai bari in gwada kafin in biya? Kuma idan aka ɗauke wuta ana cikin kwafa, wanne ya fi jurewa, ko dai UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta tafi) ya kamata in fara saya?

Don Allah wanda ya yi amfani da ɗayansu ya taimaka mini. Na gode.