Kuɗin APEE: mu ƙara malami ko mu dama wa yara kunu?

Baban Hadiza, Marwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni tela ne, shagona yana wajen Domayo. A taron iyaye na farkon shekara aka ɗora mini ma'ajin APEE, wato ƙungiyar iyayen yara da malamai, na lekol ɗin gwamnati inda 'ya'yana uku suke karatu. Ba don na fi kowa ba, sai don na iya rubuta lissafi, kuma ranar ina zaune a gaba ban samu hanyar zamewa ba. Tun daga lokacin barcina ya ragu.

Ga yadda abin yake. Yara 640 ne a rajista, aji shida, daga SIL (aji ɗaya) zuwa CM2 (aji shida). Malaman da gwamnati ke biya uku ne, har da direkta, wanda shi ma yake riƙe da CM2. Sauran ukun malaman iyaye ne, mu ke biyansu sefa 25.000 kowanne a wata, har wata tara. An yanka wa kowane yaro 2.500 a shekara. Waɗanda suka biya zuwa yau 400 ne, wato miliyan ɗaya. In aka ware 675.000 na malaman nan uku, saura 325.000 a hannuna, kuma ban sa ran sauran iyayen za su kawo wani abin kirki ba, don na san gidajensu ɗaya bayan ɗaya.

Direkta yana so a ɗauki malamin iyaye na huɗu a raba ajin SIL biyu, saboda yara 150 ne a ɗaki ɗaya, rabinsu a ƙasa suke zaune. Za a kafa rumfar zana a gindin darbejiya. Wannan zai ci 225.000 a shekara, ban da zana da allo.

Ni kuwa wani abu na gani da ya tsaya mini a rai. Hadiza ce ta fara gaya mini cewa in aka fita hutun safe ajinsu ba ya komawa yadda yake. Na rufe shago sau biyu na je na ƙirga da kaina. Ranar farko yara 138 suka shiga SIL da ƙarfe bakwai da rabi, bayan hutu 104 suka dawo. Mai sefa 25 ko 50 a aljihu yakan sayi ƙosai ko makala a bakin ƙofa. Wanda ba shi da komai ya zauna ya yi kallo, in kallon ya ishe shi ya sulale gida neman ɗumame, kuma yaro ɗan shekara shida in ya kai gida ba ya dawowa. Manyan kuma kasuwa suke nufa, ɗaukar kaya.

Na yi lissafin kunun gyaɗa, kofi ɗaya sefa 25. In duk makarantar ce, 16.000 a rana, kuɗinmu zai ƙare cikin kwana 20. In SIL da CP (aji biyu) kaɗai ne, yara 260, to 6.500 a rana, zai kai kwana 50. Na san kwana 50 ba shekara ba ce. Amma mene ne amfanin raba aji biyu in yaran suna guduwa kafin azahar? Taronmu Asabar mai zuwa ne. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan amana ya taimake ni da shawara.

Malam Mai Ritaya, Yelwa, Garwa

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya taya ka riƙo. Na yi shekara 31 da alli a hannu, daga ƙauyukan Gidar har Pitowa, kuma na ga ma'aji da yawa sun shiga da mutuncinsu sun fita ana nuna su da baki. Don haka zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba: ka bi direkta.

Ka fara tuna dalilin da kuɗin nan ya zo hannunka. A shekarar 2000 shugaban ƙasa ya ce firamaren gwamnati kyauta ce. Aka soke kuɗin shiga, aka ce za a riƙa aiko wa kowace makaranta ɗan kayan fara aiki, alli da rajista da takardu, abin da muke kira pake minimom. Daga 2010 aka miƙa rabon kayan ga ma'aikatun magajin gari. A duk shekarun da na yi, da wuya kayan su iso ranar buɗe makaranta a Satumba, wani lokaci sai an yi nisa a zangon farko. Malamai kuma ba sa isa. An daɗe da sa Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa da Gabas cikin yankunan da aka ce za a fifita a harkar ilimi, amma malamin da aka turo daga kudu yakan yi shekara biyu ko uku ya fara neman a mayar da shi kusa da gida, kuma ban ga laifinsa sosai ba, musamman wanda bai fara ganin albashi ba sai bayan dogon jira. Ba ka manta yajin aikin malamai na 2022, wanda aka kira OTS, ba. Ramin da aka bari shi ne iyaye ke cikewa. Kuɗin APEE a takarda ba dole ba ne, ba a yarda a kori yaro saboda shi ba, amma ba don shi ba da rabin azuzuwanmu babu kowa a gaban allo.

To SIL ita ce tushe. Yaron nan da Hausa ko Fillanci ko Giziganci ya tashi, a ajin nan zai fara jin Faransanci. Malami ɗaya a kan 150 ba koyarwa yake ba, kiwo yake. Na karɓi yara a CE2 (aji huɗu) da ba su iya haɗa baƙi biyu ba, in ka bi sawu sai ka tarar a irin wannan ajin suka yi SIL.

Kunu kuwa, ranar da ka fara za a yi maka addu'a. Rana ta 51, da tukunya ta huce, ba wanda zai tuna lissafinka. Za a ce tela ya sayi sabon keken ɗinki.

In ma akwai ragowa, ka duba 'yan CM2 nawa ne ba su da takardar haihuwa. Ba a rubuta CEP, jarrabawar gama firamare, ba tare da ita ba, kuma wanda lokacin yin rajista ya wuce masa sai an bi ta kotu. Kowace shekara muna rasa yara masu ƙwaƙwalwa a kan takardar nan.

Goggo Ta Mora

Ɗiyata ce ke rubuta mini, ni ban iya latsa wayar nan ba. Malam, a gafarce ni, kun fi ni sani, amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mu daga wani ƙauye muka taso kusa da Kolofata, lokacin da Boko Haram suka hana mu barci, muka zo Mora da abin da ke jikinmu. Makarantar ƙauyenmu an rufe ta, aka zuba yaranmu a makarantun gari a kan waɗanda ke ciki. Na yi shekara uku ina cikin matan da ke girki a wata makaranta da PAM, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke kawo wa abinci. Su nasu shinkafa ne da wake da mai da gishiri. Itace da ruwa da kayan miya da hannun girki namu ne, iyaye mata, ba a biyanmu, sai dai mu ci mu kai wa na gida ɗan abin da ya rage. Baban Hadiza, abin da ka ƙirga gaskiya ne. Ranar da hayaƙi ya tashi a bayan aji, har yaran da suka yi sati ba a gansu ba sai ga su da kwanonsu. 'Yan mata ma da ake tsarewa talla sai a sako su, don uwa ta san an ɗauke mata ciki ɗaya. In mota ta yi jinkiri sito ya zama wayam, cikin kwana uku za ka ga benci ya yi fili.

Amma kada ka taɓa kuɗin nan ka sayi kunu kofi-kofi, wannan hanyar mai tsada ce. Kai ɗan birni ne shi ya sa ka yi lissafi da sefa. A nemi hatsi. Mutumin da zai ɓoye maka in ka zo neman 2.500, in ka ce kwano biyu na dawa zai auno maka ko don kunya. Masakuwa, dawar rani, tana shigowa wajen Janairu da Fabrairu, lokacin ne take araha. A tara a lokacin, a sayi abin da ya rage, a zuba a buhu mai leda a ciki saboda ƙwari, a ɗora kan katako kada ya taɓa ƙasa. Kuma ba kullum za a dama ba. A zaɓi lokacin da gidaje suka fi jin jiki: Afrilu da Mayu, da zafi ya yi zafi rumbu ya yi ƙasa, sai kuma Satumba kafin sabon hatsi ya nuna.

Abu biyu zan ja maka kunne. Makullin sito ya zama biyu, ɗaya wajen mace daga ƙungiyar iyaye mata, ɗaya wajen wani dattijo, kai kada ka riƙe ko ɗaya, littafi kawai za ka riƙe. Na biyu, itace. Shi ya fi ba mu wahala, ya fi shinkafar kanta. Mukan ce kowane yaro ya zo da ice ɗaya, sai ya zama wanda bai samu ba yana jin kunyar zuwa. Ka tanadi kuɗin itace tun farko. Ruwa kuma ya zama na famfo ko na burtsatse, a tafasa sosai, don in yaro ɗaya ya yi gudawa magana ta ƙare.

Ɗan Kusiri

Ni dai ban yarda da abin da aka jingina a kan baƙo ko a kan alkawarin gwamnati ba. 'Yan'uwanmu a Mubi sun ga na Najeriya: aka fara ciyarwa a 2016, naira 70 kan kowane yaro, mata suka samu aikin girki, a Janairun 2024 aka dakatar. Tsallaken gada kuma, a Chadi, malaman al'umma ne ke riƙe da makarantun ƙauye da yawa, iyaye ke biyansu, wani wurin da koron gero. Ga yajin aiki. Shi ya sa kullum da safe za ka ga yara suna ƙetaro gadar Ngeli daga Injamena zuwa makarantun Kusiri. Mu kuma a 2024 ruwa ya cinye mu, daga Yagwa har nan, wasu makarantun suna cikin ruwa, wasu mutane sun tare a ciki. Shawarar Goggo ta fi kama hankalina saboda hatsin na unguwa ne. Sai dai a Domayo manoma nawa ne? Mai acaba da mai wankin hula ba su da rumbu.

Kawu Na Amurka

Baban Hadiza, ina gaisuwa. Ina tuƙa motar ɗaukar 'yan makaranta a nan, bari in ƙara abu ɗaya. A nan makarantun gwamnati gunduma-gunduma suke, kuma kaso mai yawa na kuɗinsu daga harajin gidaje yake fitowa, don haka unguwar masu hali makarantarta ta fi. Abincin rana kuwa doka ce tun 1946, yara wajen miliyan 30 ke ci. Ɗan talaka kyauta, na tsakiya da rangwame, sauran su biya, kuma duk da arzikin ƙasar akwai yaran da ake bin iyayensu bashin abincin makaranta. Jihohi irin su Kalifoniya da Men sun mayar da shi kyauta ga kowa a 2022. A Barazil a 2009 an yi doka aka ce aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin abincin da gwamnatin tarayya ke bayarwa a saya wajen ƙananan manoma. Abin da nake nufi, duk inda abin ya ɗore, hukuma ce ta ɗauka, ba aljihun tela ba. Ku rubuta wa magajin gari takarda da lissafin nan naka na 138 da 104. Ranar 1 ga Maris ita ce ranar ciyar da 'yan makaranta ta Tarayyar Afirka, ku kai kafin ranar, lokacin da manya ke neman abin faɗa.

Malam Mai Ritaya, Yelwa, Garwa

Goggo, na karɓi gyara. In hatsi ne daban, kuɗin malami daban, ba ni da ja. Takardar magajin gari kuma a rubuta, amma a yi kwafi biyu a sa a buga hatimin karɓa a kan ɗaya, in ba haka ba za a ce ba a gani ba.

Baban Hadiza, Marwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam, maganar keken ɗinki ta sa na yi dariya ni kaɗai a shago, don kuwa ina shirin sayen sabo bayan salla, yanzu na fasa sai na sauka.

Jiya da yamma na je wajen direkta. Ga abin da za mu kai taro. A ɗauki malami na huɗu, amma tunda wata uku sun riga sun wuce, wata shida za a biya, 150.000. Zana da allo 40.000. Mun duba CM2, yara 19 ba su da takardar haihuwa, direkta zai tara sunayensu a kai gaba ɗaya. Saura 135.000, a nan nake so a cire kuɗin itace da gyaɗa da sukari. Hatsi kuma kwano biyu kowane gida a Fabrairu. Ɗan Kusiri, tambayarka na yi ta juyawa. Wanda ba ya noma ya kawo kuɗin kwano biyu a farashin ranar, wanda ba shi da ko ɗaya matarsa ta karɓi kwanan girki. Akwai wani Alhaji mai sayar da albasa da ya ce zai ba da buhu biyu in ya ga an fara, ban sa shi a lissafi ba sai na ga buhun.

Har yanzu raina bai kwanta da barin 'yan CE1 (aji uku) ba, don ɗakinsu yana jikin na CP, za su ji ƙamshi. Goggo, a tambayar mini ke: yara 260, kofi ɗaya-ɗaya, kwano nawa na gari kuke zubawa, kuma tukunya ɗaya babba za ta ɗauka ko sai biyu?