Na bar New York, shin har yanzu suna bin na haraji kan asusun 529?

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka, ina neman wanda ya taɓa shiga irin wannan.

Shekara shida ina unguwar Bronx ta birnin New York ina zuba wa 'yata kuɗi a asusun karatu na 529 na jihar New York. Duk shekara ni da maiɗakina muna cire abin da muka zuba daga kuɗin da jihar ke yanka wa haraji, tunda ta yarda ma'aurata su cire har dala 10,000. Bara aiki ya dawo da mu Houston a jihar Texas, kuma Texas ba ta karɓar harajin kuɗin shiga.

A watan Satumba na ciri dala 6,000 daga asusun na biya wa 'yar tawa kuɗin makarantar Islamiyya, sakandare. Gwamnatin tarayya ta amince da hakan, amma New York ba ta ɗauki kuɗin sakandare a matsayin halastaccen cirewa ba, tana karɓe rangwamen da ta yi. Ga takardar 1099-Q, wadda ke nuna kuɗin da aka cira daga asusun, ta iso, tana kan firji tun makon jiya.

To, tunda ba ni da sisin kwabo da nake samu a New York yanzu, sai na cike IT-203, fom ɗin harajin New York na waɗanda ba mazauna jihar ba ko suka zauna wani ɓangare na shekara? Mai yi mini haraji a nan ya ce in share, hankalina dai bai kwanta ba. Wa ya san yadda ake yi?